Zarmina da Allurar Wuya

Akwai wata mata mai suna Zarmina a garin Mingora, sana'arta surfanin mayafai. Mijinta yana aiki a Karachi, don haka wansa Sherzaman ne ke riƙe da gidan, kuma shi mutum ne da ba a mayar masa da magana.

Wata rana Zarmina ta ji ƙullutu a gaban wuyanta, bai fi ɗan goro ba. Likita ta ɗauki hoton wurin, ta ce sai an zura siririyar allura an zuƙo ɗan abin da ke ciki a duba, kafin a san ko maƙoƙo ne kawai ko ciwon daji.

Da ta dawo ta faɗa, Sherzaman ya dire kofin shayinsa.

"Babu mai soka miki allura. Allura ce ke tayar da ciwon da yake barci. Rabin matan ƙauyenmu da maƙoƙo suka tsufa, wa ya mutu?"

"Yaya, waɗanda suka mutu ai ba sa zuwa su ba da labari," in ji ta.

"Ke har kin fi ni sani? In kika fita, kada ki dawo gidan nan."

Zarmina ta yafa mayafinta. "Gida naka ne, Yaya. Wuya kuwa nawa ne, kuma 'ya'yana uku ke jiran in raine su."

Surukarta Bibi Gulalai, wadda ta shekara arba'in tana rufe nata kumburin da gyale, ta miƙe tana dogara sanda.

"Sai ka kore mu tare. Ni ba wanda ya taɓa kai ni a duba."

A asibiti ko minti goma ba a yi ba. Zarmina ta ce allurar surfaninta ma ta fi wannan zafi.

Bayan mako guda sakamako ya fito. Ciwon daji ne, amma bai bazu ba. Aka yi mata tiyata, ta warke a gidan iyayenta, domin Sherzaman ya tsaya a kan bakansa.

Wata biyar bayan haka, sai ga shi a ƙofar gidan tare da 'yarsa Palwasha, hannunta a wuya. Ya kasa ɗaga ido.

"Ita ma an ce sai allura. Ta ce ba za ta shiga ba sai da ke."

Zarmina ta dube shi. "Ba ka tsoron a tayar da mai barci?"

Ta kama hannun yarinyar, ta ce masa, "Je ka tare mana mota."

Darasi: Girman kai ba ya maganin ciwo, kuma tsoron gwaji ba ya korar cuta. In ka ji ƙullutu a wuya, je a duba tun yana ƙarami. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai ɓoye nata a ƙarƙashin mayafi.