Abin da Fa'izu Ya Yanke Bayan "Wassalam"

Akwai wani injiniyan kwamfuta a Zongon Kwatano mai suna Fa'izu. Jama'a, tun da aka kawo mini labarinsa abinci ya fita a raina, don haka sai na amayar muku da shi.

Ƙungiyar dillalan shanu ta Zongo tana da saƙonnin imel na shekara goma sha biyu, sun fi dubu huɗu. In ana neman wata takarda sai a wuni ana lalube. Shi ne suka ɗauko Fa'izu ya tace su. Kun san imel cike yake da tarkace: lambobi, adireshi, tallace-tallace, tsoffin amsoshi. Aikinsa ya fitar da tsabar maganar ya adana, yadda in an rubuta kalma ɗaya kwamfuta za ta zaƙulo wasiƙar nan take.

Ya saita injinsa ya yanke duk abin da ya zo bayan kalmar "wassalam". A ganinsa daga nan sai sa hannu da shirme.

Munirat, sakatariyar da ta shekara goma a biro, wato ofishin ƙungiyar, ta leƙo ta ce, "Injiniya, kada ka yanke nan. Mutanenmu shifta suke yi wa mai rubutu a siba kafe, shagon intanet. Sai sun gama gaisuwa da addu'a, sun yi wassalam, ana shirin turawa, sannan su ce 'af, ƙara da cewa'. Babbar maganar a can ƙasa take."

Fa'izu ya yi dariya har da buga tebur. "Tanti, ke da shayi da kan sarki aka san ki. Ni na yi karatun kwamfutar nan, bar ni da ordinater ɗina."

Ji rashin kunya, matar da ta kusa haifarsa! Ta koma kujerarta.

Bayan wata biyar Alhaji Maharazu, wani babban dillali, ya rasu. 'Ya'yansa suka ga shanu bakwai masu alamar ubansu a wurin Yero, makiyayin da ya yi wa marigayin kiwo shekara ashirin. Suka ce sata ce. Yero ya rantse kyauta Alhaji ya yi masa, har ya sa an rubuto wa ƙungiya daga Paraku. Ba su saurare shi ba, aka kai shi komisariya, wato ofishin 'yan sanda, aka kulle.

Dattawa suka cika biro. Fa'izu ya rubuta "Yero", ya rubuta "kyauta", ya rubuta "shanu bakwai". Babu komai.

Ya miƙe ƙafa ya ce, "Abin da injina bai gani ba, babu shi a duniya. Tsohon nan ƙarya yake yi."

Nan da nan magana ta zaga Zongo har Tokpa-Hoho, wai kwamfuta ta ƙaryata Yero.

Munirat ba ta yi musu da kowa ba. Ta koma kan wasiƙun asali, waɗanda ba a tace ba, tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya tana karantawa har ƙasa. Kullum da azahar ta hau zem, wato acaɓa, ta kai wa Yero fura, ta ce, "Baffa, ka ƙara haƙuri." Idonta ya yi ja, bayanta ya ƙage. A rana ta tara ta gama duka, ba ta samu ba.

Har ta tashi, sai ta ce bari ta leƙa kwandon shara na kwamfutar. Wasiƙa ɗaya ce a ciki, daga Paraku. Gaisuwa, addu'a, wassalam, sunan Alhaji Maharazu. A ƙasa kuma: "Af, ku shaida na ba Yero shanu bakwai halak malak, na ji nauyin faɗa masa a gaban yara."

Kwamfutar ta nuna ranar da aka jefa ta shara: kwana biyu da kulle Yero. Mutum biyu ke taɓa kwamfutar nan, ita da Fa'izu.

Tir! Kuskure kowa na yi. Amma wannan ya gano kuskurensa tun rana ta biyu, ya karanta wasiƙar da idonsa, ya ɓoye ta don kada a ce Tanti ta fi shi. Ya koma gida ya ci tuwonsa, dattijo yana kwance a kan siminti.

Ta buga wasiƙar a takarda, ta ajiye gaban dattawa. Aka kira Fa'izu. Ya fara kame-kame da Faransanci, shugaban ƙungiya ya ce, "Yi mana Hausa, da ita ka kira shi maƙaryaci." Sai gumi. A ranar suka karɓe makullin biro daga hannunsa, suka ce Munirat ce za ta tsaya kan duk wanda zai sake tace wasiƙun.

Da la'asar aka saki Yero. Washegari iyayen Fa'izu suka taso shi gaba har kasuwar shanu. Ya durƙusa a cikin kashin shanu ya ce, "Baffa, ka yafe mini."

Yero ya dube shi ya ce, "Kwanan komisariya na yafe. Amma 'yata Zinariya ta bar lakwal, ta ajiye karatu, yara suna bin ta suna cewa 'yar ɓarawo. Ranar da ta zo ganina ta tambaye ni, 'Baba, da gaske ka ɗauka?' Wannan tambayar ban san yadda zan yafe ta ba."

Ya juya ya kora shanunsa bakwai. Ba wanda ya ce wa Fa'izu ya tashi.

Darasi: In wanda ya riga ka sanin mutane ya yi maka gyara, saurare shi ko da bai kai ka karatu ba. In kuma ka yi kuskure, faɗi tun da wuri, domin ɓoye shi wani bawan Allah ne zai ɗanɗana. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙe da takardun jama'a.