Rumbun Sarki da Mutanen Fadama

An ce wani sarki ya yi zamani a wani gari na bakin kogi, rabin talakawansa suna noma a tudu, rabi a fadama. Wata damina kogin ya yi ambaliya, ya cinye gonaki da gidaje, har sarki ya ga mata suna tsintar zangarniya a cikin laka. Abin ya tsaya masa a rai. Sai ya sa aka gina babban rumbu, ya ce kowa ya riƙa zuba wani abu da kaka, wanda masifa ta faɗa wa a biya shi gwargwadon abin da ya zuba.

Waziri ya yanka wa mutanen tudu dami ɗaya cikin goma, na fadama dami uku. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, biyu na ɓarnar da muka saba gani ne, na ukun kuwa na wadda ba mu taɓa gani ba, don kada rumbu ya ƙare."

Nauyin ya yi wa mutanen fadama yawa, wasu har suka fara ɗaure kaya. Sarki ya damu, ya tafi wurin Malam Ilu, wani tsohon masani da ya rasa matarsa a ambaliyar, amma ya ƙi barin bakin ruwa.

Malam ya shimfiɗa masa buzu, ya ce, "Ya sarki, kai da kogin nan wa ya girmi wani?"

Sarki ya ce, "Ya girmi kakannina."

"To, wa ya san abin da zai yi baɗi, kai ko waziri?"

"Babu, sai Allah."

"Rashin sanin nan na mutanen fadama ne su kaɗai?"

"A'a, namu ne duka."

Malam ya ce a hankali, "Ashe kaya na gari ne, aka ɗora wa unguwa ɗaya."

Maganar ta shigi sarki, amma tsoron kada rumbu ya ƙare ya fi ƙarfinsa, ya bar doka yadda take.

Da damina ta zagayo, kogi bai ko taɓa gaɓarsa ba. Sai ga ƙanƙara ta sauka a tudu ana dab da girbi, ta kwantar da gero da dawa. Mutanen tudu suka zo ƙofar rumbu, aka auna musu ɗan abin da ya yi daidai da zubinsu, wanda ba zai kai su rani ba. Suka tsaya da buhuna a hannu, sarki yana kan dokinsa yana kallonsu.

Ana nan sai ga mutanen fadama, Malam Ilu a gabansu yana dogara sanda. Ya ce, "Ya sarki, sun aiko ni. Sun ce a buɗe rabonsu a ba 'yan'uwansu, domin sun san yadda yaro yake kuka in tukunya ba ta hau wuta ba."

Hawaye suka zubo wa sarki. Ya sauko daga doki, ya karɓi mudu da hannunsa ya fara awo. Da ya gama, ya juya ga waziri ya ce, "Daga yau dami na uku a raba shi kan kowa, a fara da gonata. Sarkin da ya sa raunana su biya kuɗin tsoronsa, bai yi adalci ba."