Beben Ƙarfen Tungar Marke

Ku gyara zama, ga wata zan ajiye a gabanku. Ba ta dariya ba ce, in faɗa muku tun yanzu, kuma idan na kai ƙarshe ba ni zan raba gardamar ba, ku ne.

A Tungar Marke akwai wani ƙarfe da aka tarar, ba wanda ya san mai shi. Yana girke taku ashirin daga bakin rijiyar gari, ƙafafunsa huɗu sun nutse a ƙasa. Cikinsa kamar turmi a kwance, laka da tsatsa sun dunƙule a kai. A gefe yana da faifai mai haƙora, da wani ɗan harshen ƙarfe da ya kwanta a kan haƙoran. Bebe ake ce masa, don an yi shekara da shekaru ana tambayarsa aikinsa bai amsa ba.

Ba irin cankar da ba a yi ba. Masu auduga suka ce injin gurza ne. Mata masu ƙuli suka ce na matsar mai ne. Wani maharbi ya rantse tarkon kura ne. Wani tsohon soja ya ce gindin igwa ne, kuma da yake ya fi kowa ɗaga murya, shi aka fi yarda da shi. A ƙarshe dai jakuna ake ɗaurewa a jikinsa. Shekara sittin yana kallon rijiya, rijiya tana kallonsa, ba wanda ya taɓa haɗa su a ransa. Halin mutanenmu ke nan, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Sai damina ta yi wa garin rowa shekara biyu a jere. Rijiya ta ƙafe, guga ya koma dawowa da laka, gidaje suka fara ɗaure kaya. Jatau mai haƙar rijiya, dattijon da ya daɗe da barin shiga rami saboda ciwon gwiwa, ya ce ba zai zauna ya ga garin ubansa ya watse ba. Ya ɗauki dagi, aka zura shi da hantsi, zurfin gaba ashirin. Yana cikin sarar gindin wani dutse a jikin bango sai dutsen ya ɓalle, ya zaunar da shi, ya danne masa ƙafafu biyu. Daga gurbin dutsen kuwa ruwa ya fara ɓulɓulowa. Ruwan da aka shekara biyu ana roƙo ga shi ya zo, amma kan Jatau yake hawa.

Aka ɗaura wa dutsen igiyar kaba, maza ashirin suka ja, ta tsinke. Aka riɓanya, ta sake tsinkewa. Shanun da za a ja da su kuwa yunwa ta riga ta gama da su, da ƙyar suke ɗaukar kansu. Kafin azahar ruwa ya kai wa Jatau ƙirji. Mutane suka daina ba da shawara, suka koma salati.

Jatau yana da 'ya'ya uku, duk manya, masu iyali.

Babbarsu Tsahara, mai kaɗi da saƙa. Ta yi kuka a bakin rijiya har muryarta ta dishe, ta ja jiki ta je ta jingina da Bebe. Hannunta ya faɗa kan dunƙulen lakar nan, ta ji layi-layi kamar zare a naɗe. Ta ɗauki dutse ta kankare, sai ga idon sarƙa. Ta miƙe ta ce, "Jama'a, wannan ai kwarkwaro ne! Nawa zare yake naɗewa, wannan sarƙa. Abin jan kaya ne daga rijiya." Tsohon soja ya ce yaushe mace ta san ƙarfe. Ba ta ko kalle shi ba, ta kira ƙanenta.

Ƙanen nata Nomau ne, wanda ya tashi a gidan kawunnansa maƙera. Ya sa aka kwaso gawayin maƙera kaf, ya hura wa Bebe wuta, ya bi shi da guduma gaɓa-gaɓa. Duk man kaɗanyar da ya rage a garin aka kawo ya ɗura masa. Ya lanƙwasa ƙarfen garma ya yi mariƙi. Faifai ya motsa, karo na farko tun kafin a haifi Nomau. Amma gaba kawai yake juyawa. Da aka zo warware sarƙa a zura ta, sai ɗan harshen nan ya cije haƙori, ya hana. Nomau ya ce, "Yaya, wannan fa na mene ne?" Tsahara ta ce, "A kwarkwarona babu shi. Cire shi, Baba na nutsewa." Nomau ya ɗan tsaya, don ya sani maƙeri ba ya ƙera abin da ba shi da aiki. Sai aka yi ihu daga bakin rijiya cewa ruwa ya kai wuya. Ya ɗaga guduma, bugu uku harshen ya karye, sarƙa ta warware.

Na ukunsu Barmo, wanda ya gaji dagin ubansa. Aka bi da sarƙa ta kan gungumen bakin rijiya, ya riƙe bakinta ya sauka. Ya tarar da uban ya ɗaga haɓa sama don kada ruwa ya shiga bakinsa. Jatau ya ce, "Koma sama, kana da 'ya'ya." Barmo ya ce, "Baba, adana numfashinka." Sau uku yana nitso cikin ruwan laka, ba ya ganin ko tafin hannunsa, yana tona ƙarƙashin dutse da farce, har ya zagaya sarƙar ya ƙulle. Ba wani a garin da zai iya wannan, kuma ba wanda ya ce zai gwada.

Maza huɗu suka kama mariƙi suka juya. Dutsen da ya gagari mutum ashirin ya tashi taƙi guda. Barmo ya ji ƙafafun ubansa sun saku, ya cusa hannu a hammatarsa ya fara ja. Murna ta rufe shi, tun bai gama fid da shi ba ya ƙwala, "Ya ɗagu!"

To, a Tungar Marke idan ana jan kaya mai nauyi aka ji wannan kalma daga ƙasa, na baya yakan naɗe igiya a gungume, sauran su saki su ɗaga hannu su yi hamdala. Haka suka saba tun kakanni. Mutum huɗun nan suka saki mariƙi suka ɗaga hannuwa. Babu na baya, babu igiyar naɗewa. Mariƙi ya juya da gudu, sarƙa ta zuba, dutse ya koma. Wannan karon a ƙugun Jatau ya sauka.

Aka sake juyawa, aka riƙe gam, aka fito da shi bayan la'asar. Bai yi kuka ba, bai zargi kowa ba. Ya ce a ɗebo masa ruwan rijiyar. Ya kurɓa, ya ce, "Mai daɗi ne. Ku ce wa mutane su kwance kaya." Kafin magariba ya cika.

Bayan sadakar arba'in wani makanike ya tsaya a garin shan ruwa. Ya zagaya Bebe, ya tsinci karyayyen harshen a ƙasa, ya ce, "Wa ya yi wannan ɓarnar? Ai shi ne mai riƙe kaya idan hannu ya saki. In za a warware sarƙa, da yatsa ɗaya ake ɗaga shi." Bai san da wa yake magana ba. Nomau na tsaye a wurin.

Garin bai watse ba, rijiyar ba ta sake ƙafewa ba. Amma 'ya'yan Jatau uku ba wanda ya ƙara kai ruwanta bakinsa. Tafki suke zuwa, tafiyar rabin wuni, su ɗebo mai laka. Tsahara ta ce ita ta kashe shi, don ta gane rabin abu ta yi magana kamar ta gane duka. Nomau ya ce shi ne, don zuciyarsa ta hana shi, hannunsa ya ƙi ji. Barmo ya ce shi ne, don da ya haɗiye kalma biyu na ɗan lokaci kaɗan, da uban ya fito da ransa. Ba don su ba, da ruwa ya shanye Jatau a ƙasa ba a ko ga gawarsa ba, amma an gaya musu haka har an gaji, ba wanda ya saurara.

To, ku da kuke zaune, wane ne a cikin ukun nan ya fi gaskiya da yake cewa shi ya kashe ubansa?