Kibiyar Gwamma da Akuyarta Kyalla

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta ƙaraso mu sha labari!

To, ku matso. Kai Tanko, bar tsokanar ƙanwarka ka buɗe kunne.

Wani gari ne a bakin rafi, inda gora ta yi duhu, gorar nan mai gaɓa-gaɓa da ake yin kibiya da ita. A garin akwai wata tsohuwa, Gwamma. Ba ɗa, ba jika, ba haƙori ko ɗaya a bakinta. Abin da ta mallaka duk duniya akuya ce, sunanta Kyalla. Tare suke ci, tare suke hira, tare suke faɗa.

Ana nan, sai wata shirwa ta sauka garin. Ba irin ta yanzu ba, wannan girmanta kamar rumbu. Kullum da hantsi ta zo, ta sure akuya ɗaya, ta haɗiye ƙut! Maigari ya ce a bi gida-gida, kowa ranarsa ya ɗaure tasa a dandali. Ana bi ana bi, har ya rage kwana huɗu a zo kan Gwamma.

Kyalla ta ce, "Inna, da gaske ba da ni za ki yi?"

Gwamma ta ce, "Rufe mini baki, ina tunani."

Shi marigayi mijinta, Jatau, gwanin sa wa kibiya kai ne. Shekara talatin ita ke tauna masa jijiyar ɗauri tana kallon hannunsa. Ta sauko da tsohon kwarinsa ta zazzage. Me za ta gani? Kan kibiya ɗaya tal, na ƙarfe mai kunnuwa, da silin jijiyar barewa guda uku, sun bushe ƙayau.

Ta ɗau wuƙa ta nufi rafi. Gora ta ce, "Gwamma, kwana biyu! In za ki yanke ni, bar mini gaɓa kusa da baki, inda wutsiyar ƙarfe za ta tokara."

Gwamma ta ce, "Yo ni za ki koya wa? Kakarki ma ni na yanke ta."

Ta yanko ta kawo gida. Ta gasa ta a kan garwashi, tana murzawa tana dubawa da ido ɗaya, har ta miƙe sambal. Saura jijiya, ita kuwa ba ta ɗauruwa sai an tauna ta yi laushi. Gwamma ta sa a baki, ta mutsuttsuka da dasashi, ta mutsuttsuka. Jijiya ko gezau.

Sai ta juyo ta dubi Kyalla. "Ke, zo nan. Haƙoran nan naki yau za su yi rana."

Kyalla ta karɓi sili na farko. Ta tauna, ta tauna, ta tauna, sai ƙut!

"Ina jijiyar?"

"Inna, santsi gare ta."

Aka ba ta na biyu. Ta tauna, ta tauna, ta tauna, sai ƙut!

"Kyalla! Ina jijiyar?"

"Wallahi Inna ban yi niyya ba, maƙogwaron nan ne ba shi da kunya."

Ran Gwamma ya ɓaci. Ta naɗe bakin sili na uku a yatsa, ta ce, "Wannan shi ne na ƙarshe. Kika haɗiye shi, ke ma haɗiye ki za a yi."

Ai kuwa Kyalla ta tauna shi a hankali, idonta na kallon sama, har ya yi luɓus.

Gwamma ta fara naɗe bakin gorar da jiƙaƙƙiyar jijiya, zagaye bisa zagaye, tam. Sai da ta gama ɗauri sannan ta ɗumama wutsiyar ƙarfen, ta shafa mata ƙaro, ta murza ta ciki sannu sannu har ta tokari gaɓa. Ta rataye kibiya a inuwa, ta ce sai ta kwana uku, don jijiya in tana bushewa takurewa take yi, ta riƙe ƙarfe gam.

To, akwai maharba uku a garin, Barau da Korau da Nomau. Da suka ji wai tsohuwa na haɗa kibiya, suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Suka ce, "Iya, huta abinki, mu za mu gama da shirwa."

Ranar farko Barau ya fito. Shi bai ɗaure bakin gora ba, dutse ya sa ya doka ƙarfe ciki. Gora ta ce, "Wayyo bakina!" Da ya harba, kibiya ta dare biyu, fat! Shirwa ta sure akuya ta tafi.

Kyalla ta ce, "Inna, ta bushe?"

"Da saura."

Rana ta biyu Korau ya fito. Shi cewa ya yi, "Ni, ƙato da ni, in zauna ina tauna kamar akuya?" Ya naɗa jijiyarsa a bushe. Yana jan baka, ƙarfe ya sulɓe ya faɗo masa a babban yatsa. Yana tsalle da ƙafa ɗaya shirwa ta sure akuya ta tafi.

"Inna, ta bushe?"

"Da saura."

Rana ta uku Nomau ya fito. Shi ya tauna, ya ɗaure, amma da safen nan ya yi, jijiya na ɗiga. Kibiya ta sami shirwa, ƙarfe ya karkace ya faɗo, ko gashi bai fige ba. Shirwa ta ce, "Wa ke mini cakulkuli?" Ta sure akuya ta tafi.

"Inna, ta bushe?"

Gwamma ta ƙwanƙwasa ɗaurin da farce, ya ce ƙas. Ta ce, "Ta bushe."

Rana ta huɗu ta kai Kyalla dandali. Bakan Jatau ya fi ƙarfin hannunta, sai ta kwanta rigingine, ta tokare shi da ƙafa biyu, ta ja tsirkiya da hannu biyu. Kafin ta daidaita, shirwa ta kawo sura, ta yi sama da Kyalla. Tsoro ya kama Gwamma. Kibiya ɗaya ce, in ta kuskure ba ta da kowa a duniya.

Daga can sama Kyalla ta kwarma ihu, "Harba, Inna! Ni na tauna ta, na san ba za ta saki ba!"

Gwamma ta saki tsirkiya. Fiuuu, caf! Kibiya ta shige ƙirjin shirwa, gora ba ta tsage ba, ƙarfe bai motsa ba. Shirwa ta faɗo tim, Kyalla ta faɗo kan juji tana atishawa.

Shirwa ta ce, "Iya, don Allah cire mini!"

Gwamma ta ce, "Amayo awakin mutane tukuna."

Ta amayo ɗaya, ta rage girma. Ta amayo wata, ta rage girma. Awaki na fitowa suna mee, mee, kowace ta kama hanyar gidansu, har shirwa ta koma 'yar wannan da kuke gani. Gwamma ta zare ƙarfenta, shirwa ta tashi da kyar. Tun daga ranar ƙarfinta bai wuce ɗan tsako ba.

Gwamma ta rungume Kyalla, tana kuka tana dariya, tana kakkaɓe mata toka. Maharban nan uku suka zo suka durƙusa, suka ce, "Iya, mun tuba, koya mana."

Ta ce, "Ni na gaji. Ga malamarku nan."

Kyalla ta hau kan turmi ta zauna, ta sa aka miƙa wa kowa silin jijiya, ta ce, "Bismillah, a fara tauna. Wanda ya haɗiye, zan sani."

Kun ji, yara. Aiki yana da na farko da na biyu, kada gaggawa ko girman kai ya sa ku tsallake ɗaya.

Ƙurunƙus, na sauke ta a kan ɓera. Wanda ya ce ƙarya na yi, gobe ya je ya tambayi akuyar gidansu.