Alƙalin Da Ya Sa Maikano A Littafi

Akwai wani alƙali a Birnin Konni mai suna Ubaidullahi. Yana yanke shari'a, yana koyar da ɗaliban shari'a a Tawa, yana kuma rubuta labarai. Yabo ya yi masa yawa har ya fara ganin mutane kamar kayan labari.

Wata rana aka gurfanar da Maikano, mai garkar albasa a Badagishiri, bisa zargin satar injin ban ruwa. Maikano ya roƙi a saurare shi a buro, wato ofishin alƙali, shi kaɗai.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ranar ina asibiti. Farfaɗiya gare ni, ko maƙwabtana ba su sani ba. Don Allah ka rufa mini asiri."

Alƙali ya bincika, ya tabbatar, ya sallame shi.

Amma labarin ya yi masa daɗi. Ya rubuta shi, suna kawai ya canza. Ya bar garkar Maikano da ke gindin gawo da guntun yatsansa a cikin labarin yadda suke. Da aka karanta a rediyo, kowa a Badagishiri ya gane mutumin.

Jahilci mugun ciwo. Aka ce cutar ana ɗauka. Aka daina cin abinci da shi, 'yan ƙwadago suka gudu, albasa ta ruɓe a rumfa.

Bayan wani darasi da alƙalin ya bayar kan riƙon amana, wata ɗaliba mai suna Najiba ta tsaya.

Ta ce, "Malam, sallama na zo yi, na bar karatu. Albasar babana ke riƙe da ni. Ni ɗiyar Maikano ce."

Washegari Ubaidullahi ya tafi Badagishiri. Ya tarar da Maikano zaune shi kaɗai a busasshiyar garka, ya durƙusa yana neman gafara.

Maikano ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Na yafe, ranka shi daɗe. Amma da na sani, da na amsa satar. Ɓarawo in ya gama kaso, ana cin tuwo da shi."

Darasi: Sirrin da aka ba ka amana ne, ba naka ba ne, komai daɗinsa a baki ko a alƙalami. Kuma farfaɗiya ba a ɗaukarta, kada ku guji mai ita. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta.