Tsarabar Sanda Daga Hong Kong

Akwai wani ɗalibi a Manchester mai suna Sanda, yana zaune a Hulme yana karatun digiri na uku. Yana da ƙoƙari, sai dai shi ma ya san da haka.

Farkon zuwansa Ingila, wata biyu ya yi a gidan Malam Ɗan'azumi a Small Heath, cikin Birmingham, ci da sha da kwana. Dattijon tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne. Tun da gwamnati ta shiga shekarun tsuke bakin aljihu aka rufe zauren da tsofaffin unguwa ke haɗuwa, ya koma zaman gida. Sanda ya fi shekara bai leƙa shi ba, sai waya jefi-jefi.

Da jami'a ta tura shi taro Hong Kong, ya kira dattijon don ya sanar, ko kuma dai don a ji.

"Hong Kong!" in ji Malam Ɗan'azumi. "Jirginmu ya yi wata guda a can ina saurayi. Akwai wani masallaci a kan tudu, a nan na yi sallar Idi. Don Allah ka je ka gano min shi. Tsarabata ke nan."

"In sha Allahu, Baba. No problem."

Aka tashi taro, saura kwana biyu ya koma Ingila. Sanda ya shiga jirgin fito ya ƙetare tashar ruwa. Ya hau dutsen da ake hango gari gaba ɗaya daga kansa, washegari ya tafi wani ƙauyen masunta. Duk inda ya tsaya, baya yake juya wa gari, fuska ga waya, yana ɗaukar kansa hoto.

Masallacin kuwa, har gindin tudun ya je. Ya ɗaga kai ya ga hawa, ga zafi ga gumi, ya ce ai hotonsa na intanet. Ya sauke uku masu kyau.

Bayan ya dawo ya shiga bas sai Birmingham. Aka gaisa, ya miƙa waya. "Baba, ga masallacinku."

Dattijon bai miƙo hannu ba.

Raki, 'yarsa, ta ce a hankali, "Yaya Sanda, ai Baba ba ya gani tun bara. Sugar ne. GP, wato likitanmu, ya tura mu asibiti, aka ce it's too late."

"Shi ya sa na aike ka," in ji dattijon yana murmushi. "Matso kusa. Bishiyar nan ta bakin ƙofa tana nan? Ruwan alwalarsu har yanzu da sanyi? Wa ya ja ku sallah?"

Sanda ya duba hotunan. Bango ne da hasumiya, shi ke nan. Ya so ya ƙirƙiro wani abu, baki ya ƙi.

"Baba, ban shiga ba."

Malam Ɗan'azumi ya gyara zaman hularsa.

"To. Ba rabo ke nan." Ya juya wajen da ya ji motsin 'yarsa. "Raki, kawo wa yayanki abinci, ya sha hanya."

Sanda ya zauna gaban tuwon. Kunya ta hana shi ɗaga kai.

Darasi: In wanda ya yi maka alheri ya aike ka, ka je da ƙafarka ka gani da idonka. Kuma ka riƙa ziyartar manyanka, don waya ba ta nuna halin da mutum ke ciki. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya tuna dattijon da ya daɗe bai gaisar ba.