Ranar da Tsofaffi Suka Cika Goma

Akwai wani dattijo a unguwarmu ta dā, a birnin Kasabalanka na ƙasar Maroko, sunansa Makluf Wizman. Ku ɗan tsaya ku karanta labarinsa, jama'a, domin har yau ya ƙi fita daga raina.

Makluf Bayahude ne, kuma tela ne da ya yi suna a zamaninsa. In ana biki, ango bai cika ango ba sai da kwat ɗin Makluf a jikinsa. A layinsu, da can kowace ƙofa ka ƙwanƙwasa ɗan'uwa ne zai buɗe maka. Ranar Juma'a da yamma ƙamshin girkin Asabar, ranar hutunsu, kan cika matakalar bene, yara na hawa suna sauka, uwaye na ƙwala musu kira ta taga.

Sai mutane suka fara tafiya. Wannan gida Faransa, wancan Kanada, wancan Isra'ila. 'Ya'yansa biyu ma suka bi sahu. Babban, Alber, ya zauna a Kanada. Ƙaramin, Nissim, ya tafi Ashdod a Isra'ila. Aka bar Makluf da matarsa Yakut, su biyu a gida mai ɗakuna huɗu.

Bayan shekaru, Yakut ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Yaran suka zo, aka yi zaman makoki, suka koma. Gida ya yi tsit.

Yahudawan garin suna da gidan kula da tsofaffi. Akwai likita, akwai masu jinya, akwai lambu da bishiyoyin lemo. Wanda ba ya son ya bar gidansa kuma, sai a riƙa kai masa abinci ana duba lafiyarsa. Mai kula da wannan aiki wata mata ce, Solika Dahan, mai saurin tafiya da saurin dariya. Ita da kanta take hawa benen Makluf da kwanon abinci.

"Baba Makluf, wannan matakalar za ta kashe ni kafin ta kashe ka," ta ce wata rana tana haki. "Ka zo wurinmu mana. Akwai ɗaki a ƙasa, tagarsa na kallon lambu."

"Ajiye kwanon, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Amma maganar ɗaki ki bar ta."

"Ko da rana ne kawai, ka zo ka yi hira ka dawo."

"Hira da wa? Da masu jiran mutuwa? Wancan gidan na waɗanda ba su haifa ba ne. Ni ina da maza biyu."

Solika ba ta yi musu ba. Ta wanke masa kofuna ta tafi.

Makluf yana da aboki guda da ya rage masa, Amram Elkayim. Tun suna yara suke tare, benci ɗaya a makaranta, bulala ɗaya a hannun malami. Allah bai ba Amram haihuwa ba, matarsa kuma ta riga shi gidan gaskiya. Kullum da la'asar sukan haɗu a shagon shayi su buga kati, kowa na zargin ɗan'uwansa da maguɗi.

Wata rana Amram ya zame a banɗaki. Ya daɗe a ƙasa yana kira kafin maƙwabta su ji. Da ya warke, sai ya zo shagon shayin da sanda a hannu.

"Makluf, zan koma wurin Solika," ya ce. "Na tsorata. Ba mutuwar nake tsoro ba, a'a, in mutu ba wanda ya sani."

Makluf bai ko ɗago kai daga katinsa ba.

"Je ka mana. Kai dama wa zai zo neman ka? Ni kam ba zan bari a jera ni a rana kamar shanya ba."

Amram ya dube shi. Ya ajiye katin a hankali, ya ɗauki sandarsa, ya fita. Shayinsa ma bai ƙarasa ba.

Daga ranar Makluf ya rasa abokin kati. Ya san bakinsa ya yi ɓarna, amma girman kai ya hana shi ɗaga waya.

Sai ya koma zaman taga. Ya ga mai kifi ya wuce, ya ga 'yan makaranta sun dawo, ba wanda ya san shi a cikinsu. Ran Lahadi yaran kan kira, a miƙa wa jikoki waya su gaishe shi da harshen da ba ya iya yi musu wasa da shi. In an kashe wayar, yakan daɗe riƙe da ita. Ya fito da tsohon kekensa ya fara ɗinka wa jikokin riguna, yana kintatar awonsu daga hoto. Kafin ya gama, sai a turo sabon hoto, ya ga yaron ya ƙara tsawo.

Abu ɗaya ne ya riƙe shi. Lokacin da Yakut take kwance, ta kama hannunsa ta ce, "In na cika shekara da rasuwa, a yi min addu'a a ɗakin babana. Ba a babbar majami'a ba, Makluf. A ɗakin babana."

Ɗakin babanta wata 'yar majami'ar Yahudawa ce a cikin tsohon gari, can ƙarshen wani lungu da mota ba ta shiga. A nan aka ɗaura musu aure. An daɗe da daina taruwa a ciki, makullin ma yana hannun Makluf. Addu'ar mamaci kuwa, wadda ake kira Kadish, ba a yin ta sai maza goma sun haɗu.

Makluf bai damu ba. Alber zai zo da samarinsa, Nissim zai zo da nasa da surukinsa, ga wasu 'yan kasuwa biyu da suka yi masa alkawari. Ya gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa yaransa na tafe. Ya sa aka wanke barguna. Ya sayo kifi da zaitun, ya dafa ƙwai, ya yi odar burodi.

Ana saura 'yan kwanaki, Alber ya kira. Za a yi wa matarsa aiki, ba zai iya barin ta ba.

"Baba, ka yafe min. Zan yi wa Mama addu'ar a nan."

"Ba komai, ɗana. Ka kula da matarka."

Washegari Nissim ya kira, muryarsa a sanyaye. An soke jirginsu, wanda aka samu kuma sai bayan ranar ta wuce.

"Ba komai," Makluf ya sake cewa. Ya zauna a bakin gadon da ya gyara wa Nissim, ya shafa bargon.

Ana gobe addu'a Solika ta hawo. Ta ga gadaje a gyare, tukwane cike, gida kuma shiru.

"Ina baƙin namu, Baba?"

"Suna hanya. Kin san halin jirage."

Ta dubi fuskarsa. Ya kawar da kai yana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ba ta ƙara tambaya ba, ta yi masa sallama.

Da safe Makluf ya sa baƙin kwat ɗinsa, ya ɗauki mayafin addu'a da kwandon abinci, ya shiga tsohon gari. Ya buɗe ƙofar da ƙyar. Ya share ƙura, ya goge bencina, ya kunna fitilar mai da sunan Yakut. 'Yan kasuwar nan biyu suka iso. Su uku ke nan.

Suka zauna. Rana ta fara shigowa ta 'yar taga. Ɗaya daga cikin mutanen ya duba agogo, ya yi gyaran murya.

"Baba Makluf, ko mu tafi babbar majami'a? In mun yi sauri za mu same su."

"Nan ta ce," in ji Makluf.

Ya ɗaga kai ya kalli wurin zaman mata a sama. Nan ya fara hango Yakut, tana 'yar budurwa, ta leƙo tana dariya har gwaggonta ta ja mata kunne. Ya tuna yadda ɗakin nan kan cika har yara su zauna a ƙasa. Ya ce a ransa, Yakut, na gaza. Abu ɗaya kika roƙe ni.

Sai ya ji hayaniya a lungu.

"A hankali, ɗan nan! Buhun gawayi ka ɗauko?"

"Yi haƙuri, Baba, rami ne."

"Wa ya taka min ƙafa? Shimon, wallahi kai ne!"

Makluf ya fito bakin ƙofa. Motar gidan tsofaffi ta tsaya can bakin titi, ga su nan suna tahowa a jere. Wani da sanda, wani da sanduna biyu, wani mai jinya na riƙe da shi. Biyu a keken guragu, mai sayar da na'ana'a da wani maƙeri, Musulman lungun, sun bar shagunansu suna tura su. Solika na baya tana ɗauke da hular wani da ta faɗi. A gaba kuwa Amram ne, ya sha farar riga, yana dogara sanda yana haki.

Ya tsaya a gaban Makluf, ya jira numfashinsa ya dawo.

"To, ga shanya ta zo," ya ce. "Matsa mana, ka tare ƙofa."

Idon Makluf ya ciko da hawaye.

"Kada ka yi min kuka a nan, tsohon banza. Ba don kai na zo ba. Yakut ta ciyar da ni Asabar nawa bayan matata ta rasu? Kai kuwa ko shayi sai ka yi ƙorafi. Ƙirga mu."

Makluf ya ƙirga da ido. Bakwai suka zo. Da su uku na ciki, goma cif.

"Solika ce ta gaya min yaranka ba su zo ba. Da ƙyar na haɗa su," in ji Amram. "Wancan cewa ya yi gwiwa, wancan ya ce bai sha magani ba. Na ce musu yau ta Yakut ce, gobe ta wani a cikinmu. Ka ga kowa ya nemi takalminsa."

Aka shiga. Muryoyin duk sun tsufa, wata na rawa, wata na shaƙewa, wani na gaba wani na baya. Amma da Makluf ya miƙe ya fara Kadish, suka amsa "Amin" baki ɗaya, sai da ɗakin ya ɗauka. Ya kai tsakiya ya tsaya. Amram ya matso ya dafa kafaɗarsa, suka ƙarasa tare.

Bayan an idar, aka buɗe kwando. Abincin da aka dafa wa 'ya'ya, tsofaffi suka cinye shi tas, har da su maƙeri a bakin ƙofa.

Makluf ya ja Amram gefe.

"Ɗan'uwa, maganar da na faɗa maka ran nan..."

"Ta yi min zafi," in ji Amram. "Ba zan ɓoye maka ba. Amma mu nawa muka rage da zan tsaya riƙe ka? Taho ka raka mu, ka riƙe min hannu, lungun nan duk ramuka ne."

Haka Makluf ya shiga motar da ya rantse ba zai taɓa shiga ba. Niyyarsa ya sauke su ya juyo. Amma a lambun gidan, wata tsohuwa da ke zaune ƙarƙashin lemo ta ɗaga masa hannu. Sunanta Freha, idonta ya kusa tafiya.

"Kai ne mijin Yakut? Yakut 'yar mai zare?"

"Ni ne. Kin san ta?"

"Na san ta? Gidanmu na jikin nasu! Tare muke hawa soro mu saci tufafin yayyenta mu yi wasan amare. Ta taɓa gaya maka ranar da ka fara zuwa zance, ta sa gishiri a shayinka da gangan?"

Makluf ya zaro ido. "Cewa ta yi kuskure ne!"

"Kuskure? Ni na miƙo mata gishirin. Ta ce in ka shanye ba ka yamutsa fuska ba, kai za ta aura."

"Na shanye," in ji Makluf a hankali. "Har na ce a ƙaro."

Ya yi dariya, dariyar ta koma hawaye, bai kuma ɓoye ba. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita.

"Sai kuma me ta ce? Gaya min duka. Kada ki tsallake komai."

Freha ta yi ta ba shi labari har aka kira cin abinci. Washegari ya dawo don ya ji sauran. Jibi ma ya dawo. Kafin sanyi ya shigo, da bakinsa ya tambayi Solika ko da sauran wuri.

Yaransa sun zo daga baya, suka yi kwanaki, suka koma, kamar yadda rayuwa ta tsara musu. Har yanzu in waya ta yi ƙara ran Lahadi, Makluf ne ke fara miƙewa. Kewar ba ta tafi ba. Sai dai yanzu in ya ajiye wayar, akwai wanda zai tambaye shi, "Yaya yaran?" kuma ya tsaya ya ji amsa.

Darasi: Kada ka raina wanda tsufa ko rashin gata ya sa ya nemi taimako, domin ba ka san ranar da shi ne zai tsaya maka ba. Karɓar kulawa ba abin kunya ba ne, kuma tsoho ba abinci da magani kaɗai yake bukata ba, yana bukatar wanda zai zauna ya saurare shi. In kana da dattijo a kusa ko a nesa, ka neme shi yau. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila ya sa wani ya tuna da nasa.